Yadda Ake Gano Inda Man Sabuwar Jif Yake Tafiya a Hanyar Bosso

Ƙorafi ne da ake yawan ji a garejojin Diffa. Mutum ya sayi jif sabuwa, ko wadda ba ta cika shekara a hannu ba, ledar kujeru ma ba a gama cirewa ba, sai ya ga tana shan mai fiye da tsohuwar da ya sayar. Ya cika tanki a Diffa, ya je Bosso ya dawo, allurar mai ta faɗi inda bai zata ba. Daga nan zargi yake farawa. Wani ya ce direba ne yake zuƙa, wani ya ce man ne ba shi da kyau, makaniki kuma ya ce a kawo ya buɗe inji ya duba.

A wannan yanki maganar ta wuce ta aljihu. Bosso tana kimanin kilomita 100 gabas da Diffa, kusa da inda kogin Komadugu yake shiga Tafkin Chadi, tana kallon Malam Fatori ta Najeriya a ƙetaren ruwa. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a watan Fabrairun 2015, aka hana hawan babur, aka kuma sa ido kan sayar da mai a jarka, neman mai a ƙauyukan bakin kogi ya zama aiki, kuma manoman tattasai masu injin ban ruwa sun fi kowa sanin haka. Motar da manta ya ƙare tsakanin Tumur da Bosso da la'asar sakaliya ta jefa mutanen cikinta cikin haɗari, ko motar ɗan kasuwa ce, ko ta ɗaukar marasa lafiya.

Ƙa'idar aikin guda ce: a auna tukuna, a bi abubuwan da ba sa cin kuɗi, a bar sifana da zargin mutane su zo daga ƙarshe. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: auna daga cika zuwa cika

Allurar mai ba ma'auni ba ce. Tankin mota ba a miƙe yake ba, yana da lungu da faɗi, shi ya sa allura take daɗewa a sama sannan ta gangaro da sauri. Wasu Prado ma tanki biyu ke gare su, babba mai lita 87 da ƙarami mai lita 63, kuma wanda bai san da haka ba allura za ta ruɗe shi. Lambar da allon mota yake nunawa ita ma lissafin ƙwaƙwalwar mota ne, ba a dogara da ita kaɗai.

Ka nemi littafi da biro ka ajiye a cikin motar. Ka je gidan mai, ka tsayar da motar a wuri mai lebur, a zuba har bakin famfo ya ƙatse da kansa karo na farko. Kada ka bari yaron gidan mai ya riƙa girgiza motar yana ƙara ɗiga. Ka rubuta kwanan wata da abin da agogon kilomita ya nuna. Ka yi tafiyarka har ta kai kilomita 250 ko 300, sannan ka komo famfon nan dai, a sake cikawa kamar yadda aka yi da farko. Litocin da suka shiga a karo na biyu su ne motar ta sha.

Lissafin ba wuya. Ka raba litoci da kilomita, ka ninka da 100. A misali, idan ka yi kilomita 300 aka zuba lita 36, motarka tana shan lita 12 a kowace kilomita 100. Ka maimaita awon ba sau ɗaya ba, domin awo guda yana iya zuwa da kuskure.

Kafin ka yarda da sakamakon, ka tabbatar agogon kilomitan gaskiya yake faɗa. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya ɗauki mil a matsayin kilomita zai ga motar da take shan lita 12 kamar tana shan 19, alhali lafiyarta ƙalau. Haka nan idan an canja mata tayoyi da waɗanda suka fi na kamfani girma, agogon zai riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi. Ka gwada shi da duwatsun kilomita na bakin babbar hanya ta ɗaya, ko da taswirar waya.

Mataki na biyu: san abin da kake kwatantawa da shi

Da yawa daga masu kuka da lambar da ke cikin takardar kamfani suke auna motarsu. Wannan lamba a ɗakin gwaji aka samo ta, mota na gudu a kan nadi, babu kaya, babu rairayi, ba a kunna kilim ba. Ko bayan da Turai ta sauya tsarin gwajin a 2017 don ya kusanci gaskiya, ba a yi shi don zafin watan Afrilu na Diffa ba. Prado mai injin gas na lita 2.8, takarda takan ce wajen lita 8 take sha. Mai injin fetur V6 na lita 4 kuwa ta fi haka nesa, ko a takardar. Mota ce mai nauyin fiye da tan biyu kafin kowa ya shiga. Wanda ya sauko daga ƙaramar Corolla ya hau irin wannan dole ya ji bambanci, ko da babu abin da ya lalace.

Abin kwatance na gaskiya shi ne mota irin taka, mai inji irin naka, a hanya irin taka. Ka tambayi direbobin ƙungiyoyin agaji da na gidan likita masu bin hanyar Bosso. Da yawansu suna cika takardar mai kullum, sun san abin da motarsu take sha. Ka kuma tuna cewa sabon inji yakan ɗan fi shan mai a ƴan dubban kilomitocin farko kafin ƙarafunansa su zauna, amma ɗan kaɗan ne. Idan aka ce maka ninki biyu da kake gani sabunta ce, kada ka yarda.

Mataki na uku: raba tafiyar kashi-kashi

Nan ne yawancin amsar take fitowa. Ka ja layi a littafin, ka raba shi gida huɗu: kwalta, rairayi, cikin gari, da tsayuwa da inji a kunne.

Ka fara da kwalta. Ka rage kaya, ka daidaita iskar taya, ka bi hanyar Maine-Sorowa ka je ka dawo, ko ka yi awon ranar da tafiyar Damagaram ta kama ka, gudu tsakanin 80 da 90. Abin da ka samu a nan shi ne shaidar lafiyar injin. Idan a kwalta motar ta sha daidai da ƴan'uwanta, to injin ba shi da laifi, sauran aikin yana wajen hanya da yadda ake tuƙi.

Sannan ka auna tafiyar Bosso ita kaɗai. Da zarar an bar kwalta an faɗa rairayi, taya tana nutsewa, kuma kowane juyi sai ta ture tudun yashin da ke gabanta. Ana tafiya da ƙaramar giya, inji na kuka, kilomita ba ta ƙaruwa. Ba abin mamaki ba ne motar da ta sha lita 12 a kwalta ta sha 18 ko 20 a rairayi mai laushi. Da damina ko lokacin da Komadugu ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2019 da 2022, laka da zagaye suna ƙara nasu.

Gida na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa. Inji mai lita 3 da aka bari a kunne mota na tsaye yana cin kusan lita 2 a sa'a guda, kilim kuma yana ƙarawa. Ka ƙirga jira a shingen bincike, jiran ayari ya haɗu, jiran maigida ya fito daga taro, da direba zaune cikin sanyi saboda rana ta haura digiri 40. Sa'a uku na irin wannan tsayuwa a yini lita biyar ce ko shida, agogon kilomita kuwa bai motsa ba. Ka rubuta lokacin kunnawa da na kashewa na mako guda, za ka ga abin da idonka.

Mataki na huɗu: tayoyi da giyar rairayi

Direban da ya san hanya yakan tsaya a bakin rairayi ya sace iskar taya, domin ta baje ta hau kan yashi. Daidai ne. Kuskuren yana zuwa ne a dawowa, lokacin da aka hau kwalta da tayoyin a sace aka kama gudu har Diffa. Taya mara iska tana jan mota baya, tana ɗaukar zafi, tana iya fashewa. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai ƴar takarda da kamfani ya manna mai nuna iskar da ta dace. Ka sayi ma'aunin iska naka da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota. Ka auna da safe tayoyi na sanyi, kada ka dogara da bugun ƙafa ko idon mai faci.

Sai giya. Hilux da Fortuner da irinsu suna tafiya da ƙafa biyu a kwalta, wato 2H, a sa musu 4H a rairayi, 4L kuma sai an kafe ko za a hau tudu mai wuya. A 4L injin yana juyawa kusan sau biyu da rabi fiye da yadda ya saba kafin a ci tazara guda, mai kuwa yana bin juyin inji. Akwai masu sa 4L tun daga farkon rairayi har ƙarshensa don tsoron kafewa, akwai kuma masu mantawa da 4H a kan kwalta, su sha mai su kuma wahalar da ƙarafunan ƙasa. Prado kullum da ƙafa huɗu take tafiya, amma tana da maɓallin kulle tsakiya. Ka duba fitilarsa a allo ta mutu bayan an fita daga yashi. Idan gaban motarka yana da makullan hannu a tsakiyar taya, a mayar da su kan sake idan an hau kwalta.

Ka shafa tafin hannunka a kan tayoyin gaba. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, saitin ƙafa ya goce, abin da ramuka suke jawowa ko a sabuwar mota. Tayoyi masu manyan haƙora kuma suna da kyau a laka, amma a kwalta mai suke ci.

Mataki na biyar: kaya da ƙafar direba

Ka sauke duk abin da ke cikin motar a tsakar gida ka duba. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. Ka haɗa da jarkunan mai, taya biyu na ajiya, buhunan tattasai ko kwalayen bandar kifi, da mutum bakwai a ciki. Kayan da aka ɗaure a kan rufi sun fi na ciki illa, domin iska suke tarewa, kuma turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Shi ya sa mai gudu 120 yake biyan kuɗin da mai gudu 90 ba ya biya. Idan ba a bukatar ƙarfen ɗaukar kaya na kan rufi, a kwance shi.

Ka zauna gefen direba ka lura da ƙafarsa. Tashi da ƙarfi, taka birki da ƙarfi, ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, da daɗewa a ƙaramar giya, duk mai ne. Ɗumama inji na minti goma da safe al'adar tsofaffin motoci ce. Motar yanzu minti ɗaya ya ishe ta, sai a ja ta a hankali.

Mataki na shida: binciki man da kansa

Ɗanyen man Agadem daga cikin jihar Diffa yake fitowa, ana tura shi ta bututu zuwa matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, sannan kamfanin SONIDEP ya rarraba. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke farashin lita na fetur daga sefa 540 zuwa 499, na gas kuma daga 668 zuwa 618. A kan wannan farashi na fetur, ƙarin lita 8 a kowace kilomita 100 kusan jika huɗu ne. Amma mai tafiya Bosso ba kullum yake samun famfo ba. Shekaru da yawa ƴan ruwa-ruwa ne suke cike giɓin da man Najeriya, har zuwa lokacin da aka janye tallafin mai a can a watan Mayun 2023, kuma ƙarancin fetur da aka yi a Nijar a watan Maris na 2025 ya sake tura mutane wajen masu kwalba.

Man kwalba yana da matsala biyu. Ta farko mudu: ba kowace kwalba da ake kira lita take cika lita ba, kuma idan ka rubuta lita 30 alhali 26 aka zuba, motar za ka ɗora wa laifi. Ka riƙe jarka guda wadda ka san awonta. Ta biyu gauraye. Ka ɗebi kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye a inuwa, nesa da wuta da taba. Ruwa da datti za su kwanta a ƙasa. Ka ɗiga ɗigo biyu a farar takarda: fetur mai kyau yana bushewa ba ya barin tabo, wanda aka gauraya da kananzir ko gas kuwa yana barin maiƙo. Injin zamani da ya ji gurɓataccen fetur yakan ja da baya don kare kansa, ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara taka totur. Injin gas na zamani ya fi rashin haƙuri da ruwa, shi ya sa filtarsa take da ƴar fitila a allo. Idan ta kama, a tsiyaye ruwan nan take. Duk lokacin da dole ta sa ka sayi man jarka, ka tace shi da mazurari mai kyalle mai tsabta.

Mataki na bakwai: abin da ido da hanci za su gano

Ka kwana da motar a kan daɓe mai tsabta, da safe ka duba ƙasanta. Ka sunsuna wajen tanki da bakin zuba mai, ka duba robar murfin. Kututture ko dutse a hanya yana iya ƙwarzane bututun mai ya riƙa tsattsafowa ba tare da ya ɗiga ƙasa ba. Alamarsa ƙura mai danshi da ta manne a wuri guda.

Bayan tafiyar kilomita goma a kwalta ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafa, ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi sauran zafi birkinta yana riƙewa. Wannan yakan faru bayan an ratsa ruwa ko laka, musamman birkin hannu. Motar da birki ya riƙe kamar jaki ne da aka ɗaure wa ƙafa ake kora.

Ka buɗe akwatin filtar iska ka ɗaga filtar ga rana. A lokacin hunturu ƙura tana toshe ta tun kafin wa'adin da littafin mota ya faɗa. Idan haske ba ya ratsa ta, a sauya. Kada a wanke ta da fetur, kada a hura ta da iska mai ƙarfi har ta yage, domin filtar da ta huje yashi take aika wa inji.

Mataki na takwas: yanzu sai makaniki, amma da na'ura

Idan awon kwalta ya nuna motar ta fi ƴan'uwanta sha sosai, kuma duk abin da ya gabata lafiya, lokacin gareji ya yi. Ka nemi mai na'urar da ake jona wa mota a ƙarƙashin sitiyari tana karanta ƙwaƙwalwarta. Ka ce masa, “Maigida, kafin a kwance komai, a jona na'ura mu gani tare.”

Abu uku za ka nemi ya nuna maka. Na farko zafin ruwan inji: bayan tafiya ya kamata ya zauna wajen digiri 85 zuwa 95. Idan yana ƙasa da haka sosai, ka tambaya ko an cire tamostat. Al'ada ce da ta yaɗu a garejojinmu, ana cire shi wai don ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafinsa ba, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar sa mai sanyi ne, ta yi ta ƙara masa mai. Na biyu gyaran awon mai da ƙwaƙwalwa take yi: idan ya daɗe sama da kashi 10 cikin 100, ƙari ko ragi, akwai matsala, ko sansar iska ta yi datti, ko sansar hayaƙi ta gaji, ko iska na shiga ta wata ɓaraka, ko nozul na ɗiga. Na uku lambobin kuskure. P0171 da P0172 suna nuna awon iska da mai ya goce, P0128 yana nuna tamostat, P0420 kuma matatar hayaƙi ta cikin salansa. Ka rubuta su a littafinka kafin a goge.

Motar da aka kira sabuwa ba lallai sabuwa ba ce. Waɗanda ake kawowa ta Kwatano, Lome ko Dubai, akwai wadda aka mayar da agogonta baya, akwai wadda aka cire mata matatar hayaƙi saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Ka duba robar feda da sitiyari ko sun yi daidai da kilomitan da aka nuna. Motar gas da aka ƙera don Turai kuma tana da matatar toka a salansa wadda gajerun tafiye-tafiye na cikin gari suke toshewa, ta riƙa ƙona ƙarin mai don wanke kanta. Ka kuma tambaya wane baƙin mai aka zuba a juyen da ya wuce. Injin da kamfani ya ce a ba shi 0W-20 ko 5W-30 aka ɗura masa 20W-50 zai yi nauyi.

Idan motar tana da garanti, kada ka bari a yanke waya ko a buɗe inji a garejin unguwa, domin da haka garantin yake faɗuwa. Yamai tana da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Diffa, don haka ka fara aika wa dillalin hoton shafukan littafinka da lambobin da na'ura ta nuna, a yi magana a kan hujja kafin ka ɗauki hanya.

Mataki na tara: maganar direba

Da gangan na bar wannan a ƙarshe. Satar mai tana faruwa, amma zato zunubi ne, kuma mutane da yawa sun rasa abincinsu saboda laifin tamostat ko mil da aka ɗauka kilomita. Idan awon da ka yi da hannunka ya bambanta da na ranakun da ba ka nan, a hanya guda da kaya guda, to ka zaunar da shi ku biyu, littafi a gaba. Ka ce, “Malam, ga abin da ta sha ranar da muka je tare, ga na jiya, taimaka min mu gano bambancin.” Wataƙila ya tuna maka da sa'a biyu da suka yi a kafe, ko motar wani da suka jawo. Idan kuma babu amsa, shi ma ya ga hujjar. Daga ranar a riƙa zuba mai da rasit, a rubuta kilomita kafin fita da bayan dawowa.

Da ka kammala wannan bincike, lambobi biyu za su kasance a hannunka: abin da motarka take sha a kwalta, da abin da take sha a rairayi. Da su za ka riƙa lissafin kowace tafiya tun daga gida. Ka ƙirga na zuwa da na dawowa a kan lambar rairayi, ka ƙara na sa'o'in jira, sannan ka ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai saboda kafewa, zagaye, ko rufe hanya. Idan abin da ke tanki bai kai wannan jimla ba, kada motar ta bar Diffa sai an ƙara.